Yabon gwani ya zama dole: masu sassaƙa haruffan da muke karantawa

A birnin Washington na Amurka akwai wani dogon bango na baƙin dutse mai sheƙi, wanda aka sassaƙa wa sunayen sojojin ƙasar sama da 58,000 da suka mutu ko suka ɓace a yaƙin Vietnam. An buɗe shi a 1982. Maya Lin, wadda ta tsara shi, ɗaliba ce 'yar shekara 21 a Jami'ar Yale lokacin da ta lashe gasar a 1981, kuma sunanta ya zagaya duniya, ta kuwa cancanta. Sai dai abin da iyalan mamatan ke zuwa su shafa da yatsu, su ɗora takarda su goga fensir a kai don su tafi da shi gida, ba dutsen ba ne, haruffan ne. Siffar waɗannan haruffa kuwa daga hannun wani Bajamushe ta fito, Hermann Zapf, wanda da wuya ka ji an ambace shi idan ana zancen bangon.

Ra'ayina shi ne mai zana haruffan ɗab'i masassaƙi ne cikakke, kuma mu masu rubutu da Hausa mun fi mutane da yawa dalilin sanin irin waɗannan gwanaye, domin wasu haruffanmu a hannunsu suke rayuwa ko su mutu.

Dangantakar harafi da sassaƙa ta daɗe. Manyan baƙaƙen boko da muke fara jimla da su sun samo ƙirarsu ne daga rubutun da Rumawa suka sassaƙa a dutse, kuma wanda ya fi shahara shi ne na gindin hasumiyar Sarki Trajan da aka kammala a birnin Rum a shekara ta 113 miladiyya. Wani limamin coci Ba'amurke, Edward Catich, wanda ya taɓa yin sana'ar rubuta allunan shaguna a Chicago, ya yi shekaru yana nazarin wannan rubutu. Ya kafa hujja cewa sai da aka fara shafa haruffan da buroshi mai faɗin baki a jikin dutsen, sannan mai kurfi ya bi sawu. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin ya nuna cewa mai rubuta allon shago ko bayan babbar mota a garuruwanmu yana kan tafarki ɗaya da waɗanda suka ƙera haruffan da duniya ke alfahari da su.

Da Bajamushen nan Gutenberg ya fito da injin ɗab'insa a birnin Mainz wajen 1450, aikin sai ya koma kan ƙarfe. Ana ɗaukar ɗan guntun ƙarfe mai tauri, a sassaƙa harafi guda a bakinsa, a juye kamar yadda zai fito a madubi, wani lokaci bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. A buga shi a jikin tagulla ya bar gurbi, sannan a narka dalma da kuza da wani ƙarfen a zuba a gurbin. Kowane harafi, babba da ƙarami, kowace lamba, kowane waƙafi, sai an yi masa haka, kuma kowane girma da nasa aikin daban. Ƙarnuka huɗu da ɗoriya haka ake yi. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda ake fama da ƙarfe ya san wannan ba aikin malalaci ba ne.

Zapf ya zo a ƙarshen wannan zamani. An haife shi a Nuremberg a 1918. Burinsa ya karanci injiniyancin lantarki, amma mahaifinsa ɗan ƙungiyar ƙwadago ne da ya shiga takun saƙa da gwamnatin Nazi, don haka ƙofar karatun ta rufe. Ya shiga koyon gyaran hotuna a wata maɗaba'a. A 1935 ya ga baje kolin ayyukan Rudolf Koch, wani gwanin rubutun hannu, sai ya sayi littattafai ya zauna a gida yana koya wa kansa riƙon alƙalami. Bayan yaƙin duniya na biyu ya yi aiki da kamfanin Stempel na Frankfurt, inda ya fitar da salon haruffan Palatino wajen 1950, wanda ya raɗa wa sunan wani malamin rubutu na Italiya da ya rayu a ƙarni na 16. Wanda ya sassaƙa haruffan a ƙarfe shi ne August Rosenberger. Na ambace shi da gangan: idan an manta da mai zane, to an fi mantawa da mai riƙe da kurfi.

A 1950 ne Zapf ya ziyarci cocin Santa Croce da ke Florence a Italiya, ya ga rubutun kaburburan da ke shimfiɗe a daɓen cocin. Haruffan ba su da 'yan ƙafafun adon da ake yi wa bakin haruffan boko, amma jikinsu yana ɗan tsukewa a tsakiya ya buɗe a baki. Ba shi da takarda a hannu, sai ya zana su a kan takardar kuɗi ta lira 1,000. Shekara takwas ya ɗauka kafin salon ya fito kasuwa a 1958 da sunan Optima. Daga dutsen kabari ya ɗauko shi, ya bi ta ƙarfe da takarda, sannan a 1982 ya koma jikin dutsen bangon Washington ɗauke da sunayen matattu. Ba zan wuce nan ba tare da na ce 'yan Vietnam da yaƙin ya ci sun haura miliyan, kuma babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a bangon. Kyan aikin bai wanke yaƙin ba.

Na san da yawa daga cikin masu karatu, da zarar an ce sassaƙa, gunki ne ke faɗo musu a rai, kuma malamanmu sun yi bayani a kan hukuncin sassaƙa siffar mai rai. Ba jayayya na zo yi da wannan ba. Abin lura shi ne a Amurkar ma an yi ce-ce-ku-ce a kan bangon Maya Lin, wasu suka ce ba a girmama sojoji ba tunda babu mutum-mutumi, har sai da aka kafa na sojoji uku a gefe a 1984. Duk da haka bangon sunayen ne ya zama wurin da ake tsayawa a zubar da hawaye. Ashe sassaƙa ba ta tsaya ga fuska da gaɓoɓi ba. Mu da muka gaji zayyanar allo, da adon bangon soraye na Zariya da Kano, da rubutun Alƙur'ani na hannu irin na Sharif Bala Gabari wanda aka buga aka yaɗa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, bai kamata a ce sai an koya mana darajar harafi ba.

To ina Zapf ya haɗu da mu? A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa a Najeriya ta ɗauki aniyar samar da jerin haruffa guda da zai wadaci harsunan ƙasar, masu ƙugiya irin namu da masu ɗigo a ƙasa irin na Yarbanci da Ibo. Masaniyar harsuna Kay Williamson ta ba da shawarar farko, Edward Oguejofor da Victor Manfredi suka yi aikin samar da salon haruffan a tsakiyar shekarun, kuma Zapf, wanda a lokacin sunansa ya riga ya cika duniya, ya ba su gudunmawar ƙwarewarsa. Mutumin da ya zana Palatino ya zauna ya yi tunani a kan yadda ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ za ta lanƙwasa. Wannan kaɗai ya isa a san sunansa a sashen Hausa na kowace jami'a.

Kada a raina wannan ƙugiya. Zana ta aiki ne mai wuya. Idan ta yi gajarta, mai karatu ba zai bambance ƙafa da kafa ba, musamman a ƙaramin rubutun waya. Idan ta yi tsawo sai ta ci karo da harafin da ke gefenta ko layin da ke sama. Dole kaurinta ya dace da na sauran haruffa, ta yi kamar tare aka haife su. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba haruffanmu lambobinsu a kwamfuta, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da shi. Amma lamba ba siffa ba ce. Idan mai zanen bai zana harafin ba, kwamfuta sai ta aro shi daga wani salon dabam, ko ta nuna ɗan akwati fanko. Shi ya sa kake ganin kanun labari mai kauri, amma ƙ ɗin da ke ciki siriri, ya karkace, ya fita daban kamar facin atamfa a jikin shadda. Wasu kuma sun huta da wahalar gaba ɗaya, sun zubar da ƙugiyar, a bangon littafi, a allon talla, har a takardun gayyata. Wannan yana yi mini ciwo, domin yaron da ke koyon karatu daga abin da idonsa ke gani yake koyo.

Akwai mai cewa wannan zancen masu ƙoshi ne, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro wa zai damu da lanƙwasar harafi. Na fahimci mai wannan magana, amma ban yarda da shi ba. Sanarwar rigakafi, bayanin shan magani, takardar koyar da manomi yadda zai zuba taki, littafin 'yan aji ɗaya, duk da haruffa ake buga su, kuma wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba shi ne ya fi cutuwa idan harafi ya rikice. Gwanin karatu zai cinko ma'ana daga sauran jimla, mai koyo kuwa tsayawa zai yi. Kuma gyaran ba ya cin kuɗi. Ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta fitar da salo irin su Charis da Andika da Gentium, wanda Victor Gaultney ya zana, duka kyauta kuma da haruffanmu a ciki. Google na da nasa salon, Noto. Har ajami an yi masa: akwai salon Alkalami da aka gina a kan rubutun hannu irin na Kano. Abin da ya rage shi ne edita ko mai maɗaba'a ya damu ya zaɓa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusan duk waɗannan sunaye na baƙi ne. Na gode musu, amma ina namu? Misali yana nan kusa. A 1989 wasu yara biyu 'yan gida ɗaya a Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiro haruffan Adlam don rubuta Fulatanci, suka yi ta fafutuka har aka shigar da su Unicode a 2016, yau ana rubuta su a waya. Mu ba sabon rubutu muke nema ba. Hannu muke nema da zai ɗauki haruffan da muke da su, boko da ajami, ya ba su siffar da ta fito daga idonmu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen zane-zane mai tsohon tarihi, a makarantar da ta zama tushenta ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Ina ganin lokaci ya yi da za a mayar da zanen haruffa darasi mai zaman kansa a irin waɗannan sassa, a kuma gayyato marubutan Alƙur'ani da masu rubutun alluna su zauna da ɗalibai, a biya su a matsayin malamai.

Shi kansa Zapf ya sha fama da masu kwafe aikinsa su sauya masa suna su sayar, kuma ya yi ta kokawa a kan haka har tsufansa. Ya rasu a Darmstadt a 2015 yana da shekara 96. Matarsa Gudrun Zapf-von Hesse, wadda ita ma gwana ce a zanen haruffa da ɗinkin littafi, ta bi shi a 2019 tana da shekara 101. Maɗaba'u da yawa a Turai da Amurka suna da al'adar rubuta sunan salon haruffan da aka buga littafi da shi, da sunan wanda ya zana, a shafin ƙarshe ko bayan shafin take. Layi biyu ne kacal. Ina roƙon masu buga littattafan Hausa a Kano da Zariya da Kaduna da Yamai su fara yin haka a bugu na gaba, su kuma duba kowace ƙugiya kafin su miƙa aiki ga injin.