Atanasiyus da tatsuniyar "sarki ne ya tsara komai a Nikiya"

Tun da Paparoma Leo na 14 ya je Iznik ta ƙasar Turkiyya, wato tsohon garin Nikiya, a watan Nuwamban 2025 domin cikar taron Nikiya shekara 1,700, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a Facebook. Wai a taron nan na shekarar 325 Sarkin Rum Konstantin ya tara bishop-bishop, ya yanka musu aƙida, ya zaɓar musu littattafan Baibul, su kuma suka ce "ranka ya daɗe". Abin da ya fi ba ni haushi, duk masu yayata wannan ba wanda ya taɓa ambaton Atanasiyus, alhali tarihinsa kaɗai ya isa ya rushe zancen.

Batun wace aƙida ce daidai na bar wa malamai. Tarihi nake magana.

Atanasiyus mutumin Masar ne. Ya je Nikiya yana matashi, dikon ne kawai, wato ƙaramin ma'aikacin coci, mai rakiyar bishop ɗin Iskandariya. A 328 ya gaji kujerar, ya riƙe ta shekara 45 har rasuwarsa a 373, Kibɗawa kuma, wato Kiristocin Masar, suna lissafa shi uban cocinsu na 20. A tsakanin nan, yana kare aƙidar da aka tsayar a Nikiya, sau biyar ana korarsa, a hannun sarakuna huɗu, ya yi kusan shekara 17 ba ya gida. Wa ya fara korarsa? Konstantin ɗin nan dai.

A taron bishop-bishop na 335 a garin Taya, cikin Lebanon ta yau, abokan gabarsa suka ce ya kashe wani bishop mai suna Arseniyus, ya yanke hannunsa don yin tsafi, har da busasshen hannu suka zo da shi shaida. Marubutan tarihin coci na dā sun ce Atanasiyus ya shigo da mutumin da ransa, a lulluɓe da mayafi, ya yaye gefe ɗaya, ga hannu, ya yaye ɗayan, ga hannu, sannan ya nemi a nuna masa inda aka yanke na uku. Duk da haka bai tsira ba. Aka sake ƙulla masa cewa yana shirin hana jiragen hatsin Masar tafiya birnin sarki, Konstantin ya tura shi Tiriya, cikin Jamus ta yau. Da sarkin ya zo gargara a 337, Yusibiyus na Nikomidiya ne ya yi masa baftisma, abokin Ariyus, jagoran ɓangaren da aka kayar a Nikiya. To ina ɗan amshin shatan fada a nan?

Zancen littattafai kuwa, ba a ma tattauna shi a Nikiya ba. Jerin farko da ya yi daidai da littattafai 27 na Sabon Alkawari yana cikin wasiƙar Ista da Atanasiyus ya aika wa majami'un Masar a 367, sarkin yana da shekara 30 a kabari.

Wasu za su ce ai Atanasiyus mutum ne mai zafin hannu, mabiyansa sun lakaɗa wa 'yan adawa duka. E, akwai ƙorafin haka tun a zamaninsa. Amma taurin kai daban, zama yaron sarki daban.

Sai masu cewa addinin nan kayan Bature ne. Atanasiyus ne ya naɗa Furumentiyus bishop na farko a Aksum, tsohuwar daular Habasha, kuma daga Iskandariya cocin Habasha ya ci gaba da karɓar shugabanninsa har tsakiyar ƙarni na 20, kafin ya samu uban kansa a 1959. Ƙasar Najjashi da sahabbai suka yi hijira zuwa gare ta wajen 615, Kiristancinta ta wannan hanya ya zo, lokacin da Ingila ba ta ma haɗu ta zama ƙasa ɗaya ba.

Ya kamata makarantunmu su ba tarihin Masar da Habasha na wancan zamani wuri a darasi. Kafin nan, duk wanda zai sake turo mini hoton Konstantin riƙe da Baibul, ya haɗo da amsar abin da ya kai Atanasiyus Tiriya.