Motarka tana rawa? Ka duba taya kafin a kwance maka gabanta

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a garin nan namu na Tawa. Mota za ta fara rawa, sitiyari yana karkarwa a hannu, sai mai ita ya ce ai gudron ne ya lalace, ya ɗebi iyali ya kama hanyar Konni. Wanda ya damu kuwa ya kai gareji, a yi ta canja masa kaya da ka, har aljihu ya ƙare rawar tana nan.

Ni ya faru da ni a bazarar da ta wuce. Corolla tawa ta soma wani irin rangaji, kamar gurgu yana ɗingishi, tun a cikin gari ina tafiya 30 a awa. Na kai wani gareji. Makaniken ko kujerar direba bai zauna ba, ya danna gaban motar da hannu sau biyu ya ce amortisa ne, wato abin da ke shanye girgizar hanya. Jika 45 suka tafi. Washegari ban kai Badagishiri ba na juyo, don sitiyarin neman ƙwacewa yake.

Wani tsohon mai faci kusa da tasha shi ya warware mini. Tambayarsa ta farko ita ce wadda ya kamata a yi mini tun a gareji: "Ɗana, yaushe taka rawa? In kana gudu, ko in ka taka burki, ko tun kana tahiya sannu?" Na ce tun ina sannu, Baba. Ya sa jak ya ɗaga tayar gaba ta dama, ya ajiye dutse dab da ita, ya juya ta da hannu. Duk zagaye ɗaya sai ta shafi dutsen, ta janye, ta sake shafa. Ya kama tafin hannuna ya ɗora a wurin, sai na ji tudu kamar an ɓoye ƙwai a cikin roba. Wayoyin ƙarfen da ke cikinta sun saki. Ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a layin da aka rubuta DOT a gefenta: 2314. Wato sati na 23 na shekarar 2014 aka yi ta. Ga kuma zanen dutse da alamar ƙanƙara a jiki, tayar lokacin sanyin Turai ce, aka kawo mana nan inda zafi ke haura 40 a watan Afrilu. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya in ta cika shekara 10 a cire ta, ko da zanenta bai cinye ba. Mu kuwa zane kawai muke kallo in za mu sayi okaziyo.

Shi ya sa nake cewa lokacin da rawar ke zuwa shi ne rabin magani. In tun ana tafiya a hankali take rangaji, taya ce ta kumbura ko jant, ƙarfen da taya ke zaune a kai, ya lanƙwashe a rami. In sai ka kai wajen 90 zuwa 110 take farawa, galibi ekilibraj ne: ɗan dalman da ake maƙalawa a bakin jant ya faɗi, ko laka ta bushe a ciki bayan damina. Ta gaba a sitiyari ake jinta, ta baya a kujera. Ka mayar da tayoyin gaba baya, in rawar ta bi su ka kama ɓarawo, kuma ko dala ba ka kashe a kaya ba. Wadda ke zuwa sai an taka burki, diski ne ya daina zama daidai. Wadda ke tashi in ka ba da wuta, ta kwanta in ka ɗaga ƙafa, a duba kardan, sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya.

Sai taya ta fita daga zargi ake shiga ƙarƙashi. A ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, rulma ne, wanda taya ke juyawa a kansa, ko rotil, gaɓar da ke riƙe ƙafar motar. A kama ta dama da hagu. In tana wasa, kan sandar sitiyari ne. Wannan ba ya jira, don rotil in ya fita tayar kwanciya take yi kana cikin gudu. Kuma don Allah, duk wanda aka cire masa taya ya sa kile ya taɓa bulon ɗinsa da kansa kafin ya bar wurin, ya sake taɓawa bayan ya yi 'yar tafiya. Yaran gareji sukan ɗaura da hannu da niyyar ƙarasawa, a kira su wani aiki su manta.

Ba na zagin makanikai, da su muke rayuwa, kuma akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Roƙona shi ne maigidan gareji ya shiga motar ya zagaya da ita kafin ya ɗauki kile. Minti goma ne.

Na sayi sababbin tayoyi biyu na gaba, na duba shekararsu da idona, aka yi musu ekilibraj, aka sa iska daidai abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Na je Konni na dawo, sitiyari ko motsi. Amortisa biyun da aka cire mini suna nan a bayan mota har yau, tsohon ya gwada su ya ce lafiyarsu ƙalau.