Ma'aikacin jirgin ƙasa da kansar ƙoda: wa ya kamata ya kawo hujja?

Ka ɗauka mutum ne ya yi shekara talatin yana gyaran injin jirgin ƙasa a Amurka, kullum hannunsa dumu-dumu cikin giris da baƙin mai, in an kwance inji sai a tsoma ƙarafunan a wani ruwa mai ƙamshi-ƙamshi da yake narkar da maiƙo nan take, yana shaƙar tururinsa daga safe har yamma, in an tashi ma wani lokacin da shi yake wanke hannu. Ya yi ritaya ya fara cin fansho, sai wata rana ya ga jini a fitsarinsa, aka yi sikanin aka ce kansa ce a ƙoda. To wannan bawan Allah in yana son diyya shi ne zai je kotu ya tabbatar da cewa kamfani ya yi sakaci, kuma sakacin yana da hannu a ciwon. Wallahi wannan abun yana damuna, don ni a ganina an ɗora kayan a kan wanda ba shi da wuyan ɗauka.

Ruwan nan sunansa TCE a taƙaice, kuma zancen illarsa ya wuce jita-jita. A 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta saka shi a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, kuma kansar ƙoda ce ainihin wadda aka kama shi da ita. A Disambar 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar hana amfani da shi. Ka ga kenan mutanen da suka yi ta wanka da shi a shekarun 1960 da 1970 da 1980 sai da suka tsufa, wasu ma suka mutu, kafin hukuma ta ce a daina.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ma'aikacin jirgin ƙasa a Amurka ba ya cikin tsarin diyyar da sauran ma'aikata suke ciki, wanda in ka ji ciwo a wurin aiki a biya ka ba sai ka nuna laifin kowa ba. Shi dokarsa daban ce, ana ce mata FELA, tun 1908 aka yi ta, lokacin da aikin jirgi yake cin rayuka da hannuwa da ƙafafu ba adadi. Kuma in za a faɗi gaskiya dokar tana da alheri. Ba ta ƙayyade iyakar kuɗin da za a ba ka ba, za ka iya neman albashin da ka rasa da kuɗin asibiti har da raɗaɗi da wahalar da ka sha, in ma kana da naka laifin ba za a kore ka ba sai dai a rage maka gwargwadon kason laifinka. Sannan akwai shari'ar Rogers ta 1957, wani lebura ne da aka sa ya ƙona ciyawa a gefen layin dogo, jirgi ya zo wucewa iskarsa ta hura wutar ta yo kansa, garin ja da baya ya faɗi ya ji rauni. Kotun Ƙoli ta ce in dai sakacin kamfani yana da hannu a raunin, komai ƙanƙantarsa, to ya isa. A 2011 kamfanin jirgin ƙasa na CSX ya nemi a tsaurara wannan ma'auni a shari'ar McBride, alƙalai biyar suka ƙi, huɗu suka goya masa baya. Ƙuri'a ɗaya tal ta tsare shi.

Amma duk wannan an tsara shi ne da tunanin mutumin da tarago ya matse ko ya faɗo daga kan jirgi, abu ya faru ranar Talata da ƙarfe goma kowa ya gani. Kansa ba haka take ba, tana iya yin shekara ashirin ko talatin kafin ta fito, ita kuma ta ƙoda ma shiru take yi, sau da yawa sai an je sikanin wani ciwon daban a ganta. To a lokacin ina garejin yake? Wataƙila an rushe shi, wataƙila kamfanin ma wani ya haɗiye shi, abokan aikin da za su ba da shaida rabi sun rasu, durom ɗin da ake zuba ruwan babu wanda ya tuna me aka rubuta a jikinsa. Wa yake da rasit ɗin sayen sinadarin? Kamfani. Wa ya kamata ya auna iskar wurin ya ajiye sakamako? Kamfani. In bai auna ba, rashin aunawar nan sai ya koma makami a hannunsa, lauyansa ya miƙe ya ce ai mai ƙara ba shi da lissafin yawan abin da ya shaƙa. Subhanallah, kai ne ka ƙi aunawa, kuma kai ne za ka ci ribar rashin awon.

Daga nan sai a koma kan rayuwar mutum, ka taɓa shan taba? kana da hawan jini? ai kana da ƙiba. Kuma eh, duka ukun nan suna ƙara haɗarin kansar ƙoda, babu likitan da zai musa. Sai dai doka cewa ta yi komai ƙanƙantar hannu, ba ta ce sai in sinadarin ne kaɗai sanadi ba. Duk da haka tun kafin maganar ta kai gaban mutanen gari da ke taya alƙali yanke hukunci, alƙali yana da ikon ya ce ƙwararren likitan da ka kawo hanyar bincikensa ba ta gamsar ba, ya cire shaidarsa, in kuwa aka cire shaidar ƙwararre shari'a ta mutu a nan, ko mutum ɗaya bai ji labarin shekara talatin ɗinka ba.

Ga kuma wa'adin shekara uku na shigar da ƙara. Nan ma an ɗan sassauta tun 1949 a shari'ar Tom Urie, mai zuba wa jirgi gawayi wanda ƙurar yashi ta cinye masa huhu a cikin kusan shekara talatin, kotu ta ce ba za a fara ƙirga masa wa'adi tun ranar da ya fara shaƙa ba alhali bai san yana da ciwo ba. Yanzu ana ƙirgawa ne daga lokacin da ka sani, ko ya kamata a ce ka sani, cewa ciwon yana da alaƙa da aikinka. Wannan "ya kamata a ce ka sani" ɗin ita ce ramin. Mutumin da aka cire wa ƙoda ɗaya yana fama da jinya da tsoron kar abin ya bazu zuwa huhu, ta yaya zai zauna yana tunanin wani ruwan wanke inji na shekarun baya?

Su ma lauyoyin da suke cika intanet da talla ina da magana da su. Sai ka ga an jero hayaƙin gas da asbesto da sinadarin benzin (wanda ake samu a cikin fetur) da man da ake shafa wa katakon layin dogo an ce duk suna kawo kansar ƙoda, kira mu yanzu. Hayaƙin injin gas an tabbatar da shi a 2012 amma a kan kansar huhu ne, benzin kansar jini aka san shi da ita, hayaƙin walda a 2017 aka tabbatar da shi a kan huhu, a kan ƙoda kuwa hujjar taƙaitacciya ce. In ka cusa wa marar lafiya fatan da kimiyya ba ta kai ba ka cuce shi, kuma ka ba kamfani damar ya ce ai duk ƙarar neman kuɗi ce, har mai TCE ɗin da gaskiyarsa take a fili ya shiga cikin zargin.

Abin da nake ganin ya dace kuwa Amurkan ta riga ta yi shi a wani wurin. Sansanin sojan ruwa na Lejeune a jihar Karolina ta Arewa, ruwan shansu ya gurɓata da TCE da wasu sinadarai, yanzu tsohon sojan da ya yi aƙalla kwana 30 a can tsakanin 1953 da 1987 in ya kamu da kansar ƙoda, ma'aikatar tsofaffin sojoji tana ɗauka kawai ruwan ne, ba a ce masa kawo lissafin kofi nawa ka sha. To in kwana 30 na shan ruwa ya isa a yarda da soja, me zai hana shekara talatin na tsayuwa a kan durom ya isa a yarda da makaniki? A ce in ka nuna ka yi aiki a gareji na shekaru kaza a zamanin da ake amfani da sinadarin, shikenan, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ba shi ba ne, tunda fayil ɗin yana hannunsa.

Mu a Najeriya tun 2010 muna da dokar diyyar ma'aikata da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF take kula da ita, mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, kuma ba sai ma'aikaci ya tabbatar da laifin kowa ba, ta wannan fuskar ta fi ta ma'aikatan jirgin Amurka sauƙi. Amma ita ma sai an iya danganta ciwon da aikin, kuma likita ba zai danganta ba in ba a gaya masa ba. Don haka dan Allah wanda mahaifinsa ko yayansa ya yi aikin reluwe a Zariya ko Kaduna ko Kafanchan, ko yake gyaran inji ko fenti ko walda, ku zauna da shi tun yana da lafiya ku rubuta shekarun da ya yi da sashen da ya yi aiki da sunan duk abin da ya tuna suna wanke ƙarfe da shi, a ajiye takardar tare da katin asibitinsa. In kuma ya taɓa cewa ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, a kai shi a yi masa sikanin ƙoda a satin nan, a kuma faɗa wa likitan irin aikin da ya yi.