Wai ko ɗigon kemikal babu a ciki

To jama'a, kun dai ga bidiyon da ya cika wayoyinmu tun jiya. Wata Hajiya ta ɗaga kwalbar haɗin gyaran fata tana rantsuwa cewa ko ɗigon kemikal babu a ciki. Masha Allah! Ashe fanko take sayarwa. Fankon ma sai ta zuƙe iskar ciki, don ita ma kemikal ce.

Abin da ya fi ƙona min rai, cikin masu yaɗa bidiyon har da waɗanda suka karanta kimiyya a jami'a. Malam, kai kanka kemikal ne daga sama har ƙasa. Kusan kashi 18 cikin ɗari na nauyin jikinka kabon ne, wanda dai ke cikin gawayi. Ƙwayar kabon ɗaya tana iya riƙe wasu huɗu a lokaci guda, shi ya sa take ƙulla dogayen sarƙoƙi. Sitacin tuwon masarar da ka ci daren jiya a kanta aka gina shi. Haka furotin ɗin tsire, haka man kaɗanyar da Hajiya ke tutiya da shi, haka DNA ɗin da ya sa ka ɗauko hancin babanka. Kemikal ne, kemikal ne, kemikal ne.

Na san za a cika min kwamen da "ai tana nufin na Allah ne, ba na masana'anta ba". To zaƙami wane kamfani ya ƙera shi? Rogo mai ɗaci da sai an jiƙa shi kafin a ci, wa ya zuba masa guba? Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da aflatoksin mai lalata hanta, kuma ba ta taɓa shiga masana'anta ba. Tun 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, ta fito iri ɗaya sak da ta cikin fitsari. Jiki ba ya tambayar sinadari daga ina ya fito. Abin da ya dame shi, mene ne, kuma nawa aka sha ko aka shafa.

Masu cewa ina raina ilimin iyaye da kakanni, ku huta. Maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha yau daga ganye aka ciro shi, har Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Amma an tace shi, an gwada, an auna.

Wallahi ba don dariya nake wannan dogon rubutu ba. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi kan mayukan bilicin masu ɗauke da sinadaran makuri da hayidrokwinon da sitiroyid. Ƙannenmu mata ne ke shafawa, fata ta yi sirara, jijiyoyi su fito, ciwo ya ƙi warkewa. Duk wanda ya ce miki kayansa babu kemikal, ko dai bai san abin da ya haɗa ba, ko ba ya so ki sani. Ki nemi lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki kafin ki tura kuɗinki.