Kun fi mai kora shafawa

Jiya bayan la'asar muna zaune wurin gaisuwar mutuwa nan unguwarmu a Tahoua, an shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, sai ga ɗan ƙanwata ya iso. Ya bi layi yana ba kowa hannu, manya da yara, har ya zo kan yaron maƙwabcinmu. Nan ya janye hannu ya cusa cikin aljihu, ya tsallake zuwa na gaba. Shi ma wancan ya sunkuyar da kai yana latsa waya kamar bai ga kowa ba. A gidan mutuwa fa, inda aka taru don a tuna inda za mu duka.

Yaran nan biyu rana ɗaya aka yi musu kaciya. Tare suka yi makarantar allo, tare suka yi lakwal, tare suka bar ta. Babur ɗaya suke kabu-kabu da shi, wannan da safe, wancan da dare. Yau kwana 12 ke nan ba sa ga maciji, har makullin babur ɗin ma wani ƙaramin yaro ke kai da kawowa tsakaninsu. Ba gado suka raba ba, ba budurwa suka haɗa ba. Messi ne da Mbappe.

Ina wurin abin ya faru, kada wani ya ce ji na yi. Ranar Lahadi 18 ga Disamba 2022, ranar bikin Jamhuriya, da ƙarfe 4 na yamma aka take wasan ƙarshe na cin kofin duniya a Katar. Samarin fada suka fito da tele waje, aka ɗora kan tebur, aka hura gawayi aka aza shayi. Rabi suna bayan Ajantina, wai sai an rama wa Maroko, rabi suna bayan Faransa, wai ai ƴaƴan Afirka ne suka cika ta. Messi ya ci a bugun fenariti, Di Mariya ya ƙara, aka tafi hutu 2 da 0. Ƴan Ajantina har sun fara raba goro. Sai a minti na 80 Mbappe ya farke ɗaya, kafin mai shayi ya gama juye kofi ya farke ta biyu. Aka shiga ƙarin lokaci, aka kira magariba, mutum uku kawai suka tashi, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni kaina sai da na ɗan tsaya da buta a hannu ina waiwayen tele. Allah ya yafe mana. Na dawo na tarar Messi ya sake ci, Mbappe ya sake farkewa, 3 da 3, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida Ajantina ta ɗauka 4 da 2. Tun da nake kallon ƙwallo ban taɓa ganin wasan ƙarshe mai daɗinsa ba.

Daɗin nan bai kai minti biyar ba. Ɗan ƙanwata ya hau kan benci yana nuna abokinsa da yatsa, yana cewa bawan Faransa, ɗan koren Nasara. Wancan ya ce ai fenaritin farko kyauta aka ba ku. Wannan ya ce ubanka ne alƙalin wasan? Daga uba aka gangara kan uwa. Kalmar da ta fito daga bakin ɗan ƙanwata ba zan iya rubuta ta ba, kuma matar da ya zaga ita ce ta goye shi lokacin da uwarsa ke kwance asibiti. Tana cikin gida, katanga ɗaya ce tsakani, ta ji da kunnenta. Aka ture murhu, butar shayi ta kife, garwashi ya ƙone ƙafar wani yaro da bai san hawa ba bai san sauka ba.

To ƙannena, ku zo mu yi lissafi. A 2022 ɗin nan Messi da Mbappe ƙungiya ɗaya suke yi wa wasa a Paris, ɗakin canza kaya ɗaya, mai biyan albashi ɗaya. Kun sha ganinsu wannan yana miƙa wa wancan ƙwallo, an ci suna rungumar juna. Ba su san akwai wani gari mai suna Tahoua ba, balle unguwarku, balle uwar da aka zaga dominsu. Wannan shi ne fin mai kora shafawa. Masu abu sun nannaɗe tabarmarsu sun tafi, ƴan kallo na nan suna fasa wa juna baki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shekarar nan ta 2022 babu irin darasin da ba ta nuna muku ba, ido buɗe kuka kalla, amma zagi kaɗai kuka tsinta. Ku tuna 6 ga Fabrairu a Yawunde. Senigal da Masar, Sadio Mane da Muhammad Salah, dukansu ƴan Liverpool a lokacin. Mane ya ɓarar da fenariti tun farkon wasa, aka yi minti 120 babu ci, ya dawo ya buga na ƙarshe ya ba ƙasarsa kofin Afirka na farko a tarihinta. Me ya yi bayan haka? Ya je ya dafa Salah yana ba shi baki. Mutumin da ya ci kofin da ƙafarsa ke nan. A daren nan mu kuwa sai da aka raba wasu a gidan kallo, ɗaya wai shi ɗan Mane, ɗaya wai shi ɗan Salah. Mai horar da su ma, Aliyu Sise, shi ne kyaftin ɗin da ya ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na 2002 a Bamako, ya sake faɗuwa a na 2019 hannun Aljeriya yana mai horarwa. Shekara 20 yana haɗiye baƙin ciki kafin ya ɗaga kofin. Kai wasa ɗaya na wasu ƙasashe ka kasa haɗiyewa dare ɗaya.

Maroko fa? Duk garin nan babu wanda bai yi tsalle ba da suka fitar da Sifen, suka doke Fotugal 1 da 0, suka zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ni abin da ya tsaya mini a rai ba ƙwallon kan da En-Nesiri ya ci ba ne. Ashraf Hakimi ne da ya haura wurin ƴan kallo ya sumbaci kan mahaifiyarsa, da Bufal da ya jawo tasa tsohuwar cikin fili, da ɗan kallabinta, suna rawa duniya na kallo. Hoton nan kusan kowannenku ya sa shi a WhatsApp, da rubutu a ƙasa wai uwa ba ta da na biyu. Sati ɗaya tsakani, bakin da ya ce uwa ba ta da na biyu shi ne ya auna uwar amininsa. Kuma da Faransa ta fitar da Maroko, Hakimi da Mbappe riguna suka musanya, don abokan juna ne. Wannan ma kun gani.

Ko a wasannin da ba mu damu da su ba haka abin yake. A watan Satumba Roja Federa ya yi ban kwana da wasan tanis a Landan, da manyan kofuna 20. Rafayel Nadal, wanda ya shekara fiye da 15 yana hana shi barci, wanda a 2022 ya kai 22, shi ne ya zauna gefensa suna kuka tare, hannu cikin hannu. Kishiyoyi ke nan na gaske, waɗanda abin da suke takara a kai nasu ne.

Ku kuwa me ke naku a ciki? Nan ne nake jin kalmar nan da ke sa ni dariyar takaici: mun ci. Real Madrid ta ɗauki kofin zakarun Turai na 14 a watan Mayu, yaro yana yawo da babur yana oda har tsakar dare, wai mun ci. Kai da wa? Dala ashirin ɗin da ka biya gidan kallo ma ranta ka yi. Benzema ya karɓi kyautar gwarzon duniya, wani ya ƙi gaida wansa kwana biyu don shi ɗan Basalona ne. Na san ba zagin kawai ba ne a ƙasa. Rabin wannan zafin kan na caca ne, kowa ya sani, an dai rufa wa juna asiri. Yaro ya zuba jika biyu da ya wuni yana nema cikin rana da ƙura, wasa ya juye a minti na 80, to ba Ajantina yake karewa ba, kuɗin cefanen uwarsa yake kuka. Ga ƙwayar da wasu ke jefawa cikin shayi, wadda ke sa ƙaramin yaro ya ji shi zaki ne. Wannan maganar wata rana ce, ban gama da ta zagi ba.

Don zagin nan ya zama ado. A Facebook za ka ga yaro mai hankali, wanda in ya gamu da kai sai ya durƙusa, an sa hoton Ronaldo kawai ya shiga surfa ashar ga mutumin da bai taɓa gani ba, wataƙila sa'an ubansa ne. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa, sahabbai suka yi mamaki, ya bayyana musu cewa mutum ne zai zagi uban wani a zagi nasa, ya zagi uwar wani a zagi tasa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ji wannan. Ya kuma ji cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Ƙanwata yau kunyar fita take, ita da maƙwabciyar da suke aron turmi da taɓarya shekara 25.

Ba cewa nake a daina kallo ba, ko a zauna shiru kamar gidan makoki. Mu ma mun yi. Ranar da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, ta doke Masar 1 da 0 a filin Seyni Kunce a 2010, da ƙwallon Musa Ma'azu, muryata kwana uku ba ta dawo ba. Tsokana kuwa mu muka gaje ta. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, sai su wuni suna yi wa juna tsiya a kasuwa, a tashi a ci tuwo kwano ɗaya. Wasan yana da iyaka, kowa ya san inda ake tsayawa, kuma ba a taɓa kai shi kan uwa.

Kokowa ma haka muka tashi muka gani, ga shi yanzu lokacinta ne, kowa kunne na kan rediyo. A garin nan aka fara gasar takobi a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, a gidanmu, gaban iyayenmu, kuma har gobe da girmamawa ake kiran sunansa a Adar. Ƙato zai kai ƙato ƙasa gaban dubban mutane, makaɗa na zuga, sai ka ga ya miƙa hannu ya tashe shi, ya kakkaɓe masa ƙasa a baya. Wanda aka kayar ya koma cikin mutanensa, a ce sai baɗi. Da muna yara in dattijo ya ratso ta inda muke gardama, ko tari ya yi sai kowa ya haɗiye maganarsa. Ranar nan ni da furfurata na shiga tsakani ina cewa kai bari, kai bari, ɗan ƙanwata ya ce mini Kawu matsa, ba ruwanka. Ni ne ba ruwana. Yanzu ko a filin kokowar ma an fara jin wannan ƙazamin baki daga ƴan kallo, abin da da ba a san shi ba.

Da ma zafin nan wurin da zai yi amfani kuka kai shi. Ƴar Najeriya Tobi Amusan sau biyu tana ƙarewa ta huɗu a manyan gasanni, a 2019 da kuma wasannin Olamfik na Tokiyo, sai ga shi a watan Yuli a Amurka ta yi tseren tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba. Eliyud Kipcoge na Kenya yana da shekara 37 ya yi gudun fanfalaki na Balin cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, ya karya tarihin da shi da kansa ya kafa. Messin da kuke faɗa a kansa ya faɗi wasan ƙarshe a 2014, sai da ya kai shekara 35 ya taɓa kofin. Mu nan Nijar tun tagullar Olamfik da Isaka Dabore ya samo a dambe a 1972, sai da aka shekara 44 kafin Alfaga ya kawo azurfa daga Riyo a 2016. Miliyoyin samari, lambobi biyu. In ka tambaya a ce babu fili, babu kayan aiki, hukuma ba ta kula, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ƙarfin ture murhu da ɗaga benci dai akwai shi.

Ban san me zan ce a yi ba in ban da a ji tsoron Allah, a riƙa tauna magana, manyan fada su riƙa tsawatawa tun kafin ta kai ga iyaye. To su manyan ma wani lokaci su ke hura wutar, suna dariya suna ɗauka da waya.

Daren jiya na ji a rediyo Pele ya mutu, yana da shekara 82, mutumin da ya ɗauki kofin duniya sau uku. Da safe na biyo ta fada, an sayi sabuwar butar shayi, yaron da ya ƙone yana zaune da tsumma ɗaure a ƙafa. Tun daga nesa na jiyo an fara, wai tsakanin Pele da Maradona wa ya fi. Na kira ɗan ƙanwata gefe na ce bayan isha'i ya same ni gida, za mu shiga wurin maƙwabciyarmu tare, ya durƙusa. Ya ce to Kawu, idonsa na kan masu gardama.