Mutumin Detroit da ya je Zariya neman sarewa

Shekara tara ke nan ina zaune a birnin Detroit na Amurka. Wata Asabar cikin tsananin hunturu na faɗa wani shagon tsofaffin faya-fayai don in fake wa sanyi, sai mai shagon ya ɗora wani faifai. Wata busa ce siririya mai kaifi ta fito, nan take tsigar jikina ta tashi, don ni dai algaita na ji, irin ta ranar hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau. Na tambaye shi wane ne. Ya ce Yusef Lateef ne yake busa obo, wani abin busa na Turawa. Da ya ji daga Najeriya nake, sai ya ce ai mutumin ya yi shekaru a ƙasarku, a wani gari Zariya. Na rasa abin faɗa. A Samaru aka haife ni, kuma lokacin da yake can ina firamare, amma sai da na tsallaka teku na ji sunansa.

An haife shi a 1920 a Chattanooga ta jihar Tennessee, ya girma a nan Detroit, ya musulunta yana matashi ya ɗauki sunan Yusef Lateef. Da busa saksafon ya fara suna a jaz, kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, ya yi aiki da manyan makaɗansa irin su Dizzy Gillespie a 1949, daga baya da Charles Mingus da Cannonball Adderley. Amma bai tsaya nan ba. Ya koyi sarewar Turawa, ya koyi obo da basun, waɗanda ba a saba jin su a jaz ba, ya ɗauko shehnai ta Indiya da argul ta Masar, duk kayan busa ne. A faifansa na 1961, Eastern Sounds, da wata 'yar tukunyar yumɓu ta Sin ya buɗe, mai 'yan ramuka kaɗan, ya yi ta juya sautuka ƙalilan har suka zama waƙa. Ko kwalbar lemo ya taɓa busawa a faifai.

Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya. Ya haura sittin a lokacin, yana da digirin dakta tun 1975, duniya ta san shi. Abin da ya fi jan hankalinsa kuwa sarewar Fulani ce, wadda yaro makiyayi ke busawa a bayan shanu. Shi da Ziky Kofoworola sun rubuta littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa, wanda ya fito a 1987.

Wannan sarewar ce fa Baba ya karya mini ina ɗan shekara goma. Wani yaron Fulani mai kawo nono tare da uwarsa ya ba ni, ina ta fama da ita a zaure, Baba ya dawo daga masallaci ya karɓe, ya ɗora a gwiwa. "Mu ba maroƙa ba ne," in ji shi, bai ƙara ko kalma ba. Ba na riƙe da shi, Allah ya jiƙansa, abin da ya taso ya tarar ke nan. Muna son kiɗa, muna liƙa wa makaɗi kuɗi a goshi, amma ba ma ba shi 'yarmu. Gaskiya ne jami'ar Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, sai dai Shata ɗaya ne, kuma mai algaitar da ke bin dokin hakimi da ƙafa bai ga komai a ciki ba.

A wajenmu kiɗa gado ne. Gidan kalangu daban, gidan kotso daban, masu kakaki da algaita suna fada. Wannan ya ba mu zurfi wanda ba na jin a raina shi. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya a kuntigi ya cika duniya, Haruna Uji da gurmi, Narambaɗa da kotso. Mutum ya ƙare rayuwarsa a kan abu guda har ya san numfashinsa. Lateef ya bi wata hanyar, ta tara kaya da yawa, amma da na saurare shi da kyau sai na ga tarbiyyar ɗaya ce. Kowane abin busa sai da ya zauna ya ba shi haƙƙinsa, ya koyi yadda leɓe ke kama shi da yadda iska ke bi. Bai ɗauki shehnai don ado ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mu ma yanzu muka samu namu masu kaya da yawa. Yaro ɗaya ne a situdiyo da fiyano, ya danna nan kalangu ya fito, ya danna can algaita, can kuma sarewa. Ban ce yaran ba su da basira ba, wasunsu suna da kunne ƙwarai, kuma sana'ar tana ciyar da gidaje. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita ya san abin da ya ɓace. Kumatunsa su kumbura kamar za su fashe, yana shaƙar iska ta hanci yana fitarwa ta baki a lokaci guda, busar ba ta yankewa, jijiyar wuya a miƙe, gumi na bin rawani. Kalangu kuma a hammata ake matse shi ya yi magana, ya kira sunan mahauci da na ubansa. Maɓalli ba ya kiran sunan kowa.

Ba komai na nan ne ya burge ni ba. Na je wajen kiɗa a babban zaure, mutane ɗari-ɗari a zaune tsit kamar ana zaman makoki, ba guɗa, ba kirari, sai an gama a tafa. Na yi kewar gida a ranar. Kiɗanmu yana da aiki, na noma, na dambe, na sarauta, na ɗaukar amarya. Amma a nan makaɗi yana iya tsufa da mutuncinsa. Lateef ya koyar a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya samu Grammy, babbar lambar yabo ta kiɗa a Amurka, a kan faifansa na 1987 wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan da ke ciki, a 2010 kuma hukumar fasaha ta Amurka ta sa shi cikin gwanayen jaz. Ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93.

Shi kansa bai son kalmar jaz, yana ganin akwai raini da batsa a tattare da ita, ya fi so a ce kiɗa ne da ke fitowa daga jikin mutum da tunaninsa da ruhinsa. Ya kuma daina wasa a gidajen rawa inda ake shan giya, duk da can ne abincin masu irin sana'arsa yake. Da Baba ya san wannan, ina jin da ya ɗan tsaya kafin ya ɗora sarewar nan a gwiwa.

Bara na roƙi Yaya ya nemo mini sarewa. Sai da ya yi sati uku yana cigiya a kasuwannin ƙauye kafin ya samu wajen wani dattijon Bafulatani, wanda ya tambaye shi ko wa zai busa, don 'ya'yansa duk waya suke saurare a wajen kiwo. Ta iso a naɗe cikin tsumma, tana ƙanshin hayaƙi. Kwana goma sha biyu ina hurawa iska kawai ke fita. Daren na sha uku sauti ya fito, ɗana ya leƙo daga ɗakinsa ya ce, "Baba, ba ni in gwada."