Shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, wa ke kula da su?

'Yan uwa, wani ɗalibina ya turo min hoton zakuna biyu na dutse da ke ƙofar babban ɗakin karatu na birnin New York a Amurka, yana tambaya me ya sa mu ba mu da irin wannan. Tun 1911 suke zaune a wurin, an sassaƙa su da dutsen marmara mai ruwan hoda. Abin da ya ja hankalina shi ne hidimar da ake musu. A 2019 ma sai da aka killace su, aka wanke, aka liƙe tsagar da sanyi da ruwa suka yi musu. Haka Zimbabuwe: tsuntsayen dutse takwas aka samu a kufan tsohon birninsu, yau siffar tsuntsun na kan tutar ƙasar.

Ni ba na cikin masu neman a kafa zaki ko doki na dutse a shataletalen Dutse ko Kano. Mu Musulmi ne, hukuncin sassaƙa abu mai rai sananne ne, kuma zuciyata ta natsu da shi. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun bambanta siffa mai inuwa, wato wadda aka sassaƙa, da zanen da ke shafe a jikin bango, wannan fagen nasu ne, na bar musu.

Damuwata ita ce muna da namu dabbobin a jikin dutse, a nan Jigawa, amma mun juya musu baya. Je ka Birnin Kudu, ka hau Dutsen Habude ko Dutsen Mesa. Ka sunkuya a ƙarƙashin rumfar dutsen, ka bari idonka ya saba da inuwar. Za ka ga shanu an zana da jar ƙasa, masu dogayen ƙaho. Duba gadon bayansu da kyau: babu tozo. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san bunaji da rahajin da ke rugagenmu yau masu tozo ne. Ke nan wanda ya yi zanen wasu shanu daban yake kora, irin da suka riga waɗannan zuwa ƙasar nan. Wallahi wannan kaɗai ya isa darasin tarihi na zango guda. Kusa da su akwai duwatsun da in ka buga suke amsawa kamar kuge, da gurbin bugun mutanen dā a jikinsu.

Gwamnatin tarayya ta daɗe da sanya wuraren nan cikin kayan tarihin ƙasa. To amma takarda ba ta hana yaro rubuta sunansa da gawayi a kan zane, ba ta hana hayaƙin mai ƙona daji. Ga kuma neman tsakuwar gini da ke ƙaruwa kullum, dutsen da aka fasa kuwa ba ya komawa.

Babu wanda ya ce a bauta musu. Kallo ne da sanin su wa suka rigaye mu a wannan ƙasa.

Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai, shugabannin makarantu: a samu mai gadi ɗan gari da ake biya a kan lokaci, a kafa allo da Hausa da ajami mai bayanin wurin, a riƙa kai 'yan firamare da na sakandare sau ɗaya a shekara. Yaran Gwaram, Buji da Kiyawa ba su da nisa, kuɗin motar bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba.